Wa Ke Zuba wa Tukwanen Baba Ruwa?

Ranar Litinin

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya ƙafar nan? Ya su Yaya da Anti da yara? Allah ya sa kowa lafiya, amin.

Baba, sau biyu ina kiran wayar Yaya don mu yi magana, kuma ka ga yadda muka ƙare. Ina ihu, kana cewa "Na'am? Wa ke magana?" har maƙwabciyata mai ɗinki ta leƙo ta ga ko faɗa nake yi. Shi ya sa na ce bari in koma takarda, tunda kunne ne ya yi nauyi, ido yana nan. Direban da ke zuwa wajenku ya ce zai riƙa kai mana.

Matsala ce ta kawo ni. Ka san aikina a ofishin nan shara ne da goge-goge, hawa na uku da na huɗu. Wata biyu da suka wuce Manaja ya sa aka kawo fulawoyin cikin ɗaki, tukunya ashirin da shida, aka jera a bakin tagogi da ɗakin taro da gefen matakala. Ba wanda ya ce da ni uffan. Da safe kawai na tarar da takarda manne a ƙofar ɗakin da nake ajiye tsintsiya: "Mai shara ta riƙa ba su ruwa."

To mutuwa suke yi, Baba. Ganyen ƙasa sai ya koma ruwan ɗorawa, ya yi laushi, ya zube. Na sama kuma ya sunkuyar da kai. Ranar Alhamis Manaja ya tsare ni a gaban mutane ya ce, "Ke, zuba ruwa ma sai an kai ki makaranta?" Na ce, "Ina zubawa, ranka ya daɗe." Ya ce, "Da kina zubawa da ba su yi yaushi ba." Sai na ninka, in ba su da safe, in ƙara kafin in tashi. Abin ya ƙara lalacewa. Yanzu har wasu ƙananan ƙudaje ke tashi daga cikin tukwanen, ga wani wari kamar na kwata. Ya ce in ba su miƙe ba zuwa ƙarshen wata, zai nemo wadda ta san aiki.

Ka san tun rasuwar maigidana, yau shekara huɗu, aikin nan ne rufin asirina. Shekara talatin ka yi kana aikin lambu, ni kuwa ban taɓa tsayawa na kalli hannunka ba. In ka ce in riƙe maka buta, sai in ce cikina ke ciwo. Yau ga ni. Don Allah ka gaya min abin da zan yi, na gaji.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta.

Ranar Alhamis

Zuwa ga Uwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kowa na gidan nan Auta yake ce miki, ni dai ba zan iya ba, sunan mahaifiyata gare ki. Takardarki ta iso, na karanta sau uku. Ƙafa da sauƙi, sai godiya.

Da farko ki ajiye butar nan. Kada ki ƙara zuba musu ko ɗigo sai kin gama abin da zan faɗa miki. Manajan naku ya san takarda, bai san shuka ba. Shukar da ruwa ya ruɓar wa saiwa yaushi take yi daidai da mai jin ƙishi, domin bakin da za ta sha da shi ne ya lalace. Mutum ya gani ya tausaya, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta.

Ki tura yatsanki cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi, ba ta bukatar komai daga gare ki sai ki ƙyale ta. Sannan ki karkata tukunyar ki duba gindinta, akwai huda ko babu. Bayan haka ki zaɓi wadda ta fi jin jiki, ki shimfiɗa buhu, ki juye ta gaba ɗaya. Ki dubi saiwar. Mai rai fara ce, tana da ƙarfi. Matacciya baƙa ce, in kin ja sai ta saɓule miki a hannu. Ki ɗebi ƙasar ki dunƙula. In kin buɗe hannu ta marmashe, ƙasa ce. In ta tsaya da shatin yatsunki, laka ce, ta mai ginin tukunya ce ba ta mai shuka ba.

In laka ce, ga haɗin: baƙar ƙasa kwano biyu, yashi mai kauri kwano ɗaya, tsohon taki busasshe wanda ya daina wari kwano ɗaya, sai ɓarzajjen gawayi cikin hannu. Ki yanke ruɓaɓɓiyar saiwa da almakashi mai tsabta, kada ki ji tausayinta. Kuma duk wadda iskar esi mai sanyaya ɗaki ke bugawa kai tsaye, ki matsar da ita.

Ni ma nan ina fama da irin taki. Tukwanena goma sha huɗu da ke baranda, waɗanda na raina tun mahaifiyarki na da rai, wani yana bin bayana yana zuba musu ruwa. Kullum na taɓa sai in ji caɓal. Na tambayi matar yayanki, ta ce ba ita ba ce. Na tambayi yara, sun rantse. To aljani ne ke nan ya koyi aikin lambu. Zan kama mai shi.

Ciwon cikin da ke kama ki in an ce ki riƙe buta, ina fata ya warke.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki.

Ranar Lahadi

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Yadda ka faɗa haka na tarar. Tukwanen tangaran ne masu ƙyalli, ko ɗaya babu huda. Da na juye ta farko a bayan ƙofa, sai da na toshe hanci. Baƙar ƙasar da ake gani a sama ba ta kai kaurin tafin hannu ba. Ƙarƙashinta jar laka ce zalla, irin ta ramin gini, har da ɓaraguzan siminti da guntun leda. Can gindi kuwa ruwa ne kwance, ya yi baƙi. Ashe wanda aka ba kwangilar kawo su ado kawai ya yi wa saman.

Na ɗebi lakar a takarda na kai wa Manaja. Bai ko taɓa ba. Ya ce, "Kin zo min da ƙasa a kan tebur? Ni ganye nake so in gani kore, ba labari ba." Na ce a ba ni izinin huda tukwanen, ya ce kayan ofis ne, in na fasa ɗaya in kuka da kaina. Mai gadi ne ya ba ni shawara in samo tukwanen roba, in huda su da ƙusa mai zafi, in dasa a ciki, sannan in zura su cikin na tangaran ɗin da 'yar tsakuwa a ƙasa. Haka na yi.

Jiya Asabar, ranar hutuna, a can na wuni. An hana mu shiga lif da kayan datti, don haka a matakala na hau da yashin da takin, bokiti-bokiti, har hawa na huɗu. Na daina ƙirga sawu bayan na goma. Bakwai na tarar ba abin ceto a cikinsu, saiwar duk ta zama kamar jiƙaƙƙen zare. Sauran goma sha tara na yanke musu, na sauya ƙasa, na wanke wurin tas yadda ba wanda zai ce an yi ɓarna. Yau bayana ko ruku'u ba ya so. Ƙasa ta shige min ƙarƙashin farce, na goge da buroshi ta ƙi fita, sai na tuna da hannunka.

Yanzu jira ya rage. Ina wucewa ta gabansu da buta a hannu don idon Manaja, amma ba na zubawa sai na tura yatsa.

Maganar tukwanenka, ka yi haƙuri da yaran, ƙila taimako suke nufi.

A gaishe min da kowa.
'Yarka, Auta.

Ranar Laraba

Zuwa ga Uwata,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki. Madalla, kin yi aikin maza. Kada ki ba su taki yanzu, marar lafiya ba a cika masa ciki. Ki jira sai kin ga sabon toho.

Ki tura yatsanki har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi ki ƙyale ta. Ki kuma duba gindin tukunyar ko akwai huda, wannan shi ne abu na farko.

Nan abin ya ci tura. Uku sun tafi, har da mai faffaɗan ganyen nan da mahaifiyarki ke so. Na gane matar yayanki ce. Ta ɗauke min butar ban ruwa ta ɓoye, wanda ba shi da laifi me zai sa ya ɓoye buta? Na faɗa mata gaskiya a gaban maƙwabta, tunda a ɗaki ba ta ji.

Ki gaishe da maigidanki. Ki ce masa ya daɗe bai leƙo mu ba, ko mun yi laifi ne. In zai zo ya taho da sifanarsa, famfon baranda na ɗiga.

Allah ya yi albarka.
Mahaifinki.

Ranar Laraba

Auta,

Salamu alaikum. Ya aiki, ya haƙuri? Na saka wannan a cikin ambulan ɗin Baba ba da saninsa ba. Ban iya doguwar gaisuwa ba yau, ki yafe ni.

Ba wanda ke zuba wa tukwanen Baba ruwa sai Baba. Yana idar da sallar asuba zai ba su. Ya sha shayi, ya fito ya ba su. Kafin in dawo daga makarantar da nake koyarwa ya ba su sau uku ko huɗu, barandar har santsi take yi. Can da la'asar sai hankalinsa ya dawo, ya tura yatsa, ya ji laka, ya fara neman mai laifi. Na ɓoye butar, ya koma ɗiba da butar alwala. Na ɓoye ta, ya ɗauki kofin shayi.

Wata bakwai ke nan muna ciki. Ba ruwan shuka kaɗai ba ne. Ya taɓa ɗora ruwan zafi a kan gas ya fita, sai ƙauri muka ji. Watan jiya ya saka rigar aikinsa ya ce ya makara, ya kama hanyar lambun da ya bari shekara tara. Mai faci ne ya gan shi tsaye a mararraba ya kamo hannunsa ya dawo da shi. Mun kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ana lallaɓa shi ne, ba ya komawa baya.

Za ki ce me ya hana a gaya miki. Yayanki ne ya ce kada a ɗaga miki hankali, kina da naki. Shi kuwa kin san shi, da an fara maganar sai ya lalubi makullin mota. Sati biyu yake yi a hanya, ya dawo ya kwana uku, ya ce, "Ai na ga Baba da sauƙi."

Kada takardunsa su ruɗe ki. In maganar shuka ce kansa garau yake, kamar an kunna fitila. Ta farkon nan kwana biyu ya yi yana rubuta ta, yana murna, yana cewa Uwata ta dawo makaranta. Ban taɓa ganin ya ci abinci da yawa irin na ranar ba.

Amma Auta, na gaji. Shekaranjiya ya tsaya a bakin ƙofa, matan layinmu na zaune, ya nuna ni ya ce, "Ga wadda ke kashe min shuka don ta gaji da ni." Shekara goma sha biyu ina wanke masa kaya, ina tace masa abinci saboda haƙoransa. Na san ba shi ba ne, ciwo ne. Na sani. Duk da haka na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana. Ga yara huɗu, ga aji mai yara sittin, ga shi yanzu ina tsoron barinsa shi kaɗai. Ban ce ki yi komai ba. Ina so dai a ce akwai wani a danginsa da ya sani ban da ni.

Ki huta gajiya.
Matar yayanki.

Ranar Asabar

Zuwa ga Anti,

Wa alaikumus salam. Sannu, Anti. Sannu da ƙoƙari. Allah ya biya ki, ba mu da bakin gode miki.

Takardar Baba na fara buɗewa, a ɗakin tsintsiya, ina tsaye. Da na kai wurin da ya ce in gaishe da maigidana sai na zauna a kan bokiti. Baba ne fa ya tsaya a kansa har aka rufe shi. Na ce wa kaina kuskuren alƙalami ne, na ninke takardar zan koma aiki, sai taki ta faɗo.

Ba zan ɓoye miki ba, fushi na fara yi. Na ce wata bakwai ana ɓoye min mahaifina. Na rubuta miki wata takarda mai zafi, na yaga. Domin in an bi gaskiya, zuwana na ƙarshe na ga ya tambaye ni sau uku ko na ci abinci, na yi dariya na wuce. Ban so in gani ba ne. Ba ni da inda zan ɗora wani kaya.

Ban san abin da zan ce miki ba yanzu. Ɗakina ɗaya ne da 'yar baranda, kin gan shi. Ina fita shida na safe, in dawo biyu da rabi. In na bar aikin na dawo wajenku, na zama baki na takwas a tukunyarki. Ki ba ni 'yan kwanaki in yi tunani.

A ofis, sha shida sun yi sabon toho. Manaja ya tsaya ya kalli ta ɗakin taro ya ce, "Kin gani, da kika fara ba su ruwa yadda ya kamata." Bai kore ni ba, sai ma ya ce daga wata mai zuwa fulawoyin hawa na biyar ma ni zan riƙa dubawa. Ko daɗi ban ji ba, wallahi.

Ki shafa min kan yara.
Ƙanwarki, Auta.

Ranar Talata

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Yau kaina a sake yake, shi ya sa nake sauri in rubuta kafin ya rufe.

Na kama mai zuba ruwan. Jiya da safe na roƙi toka wurin mai gasa nama na bakin titi, na barbaɗa a ƙasan baranda kewaye da tukwanen, yadda muke yi a lambu in muna son sanin dabbar da ke shigowa. Na ce duk wanda ya taka zan ga sawunsa. Na ja kujera na zauna a bakin ƙofa, ban gusa ba. Haka dai nake tsammani.

Da la'asar na tashi na duba. Tukwanen sun cika har ruwa na tsiyaya. Sawu kuwa ga shi nan rututu, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Takalmi ɗaya ne. Yana da ɗinki a dunduniyar hagu, ni na ɗinke shi da hannuna. Na dubi ƙafata, duk toka. Bakin wandona a jiƙe.

Na daɗe a tsaye, Uwata. Na nemi lokacin da na tashi daga kujerar nan a cikin kaina, sama da ƙasa, ban same shi ba.

Da matar yayanki ta dawo na kira ta na ce ta yafe min, na zalunce ta a gaban mutane. Ta durƙusa ta ce ba komai Baba, ya wuce. Na ce a'a, ki bari in faɗa. Sai ƙaramar 'yarta ta ce, "Kaka, ai ran Juma'a ma ka ba ta haƙuri." Uwar ta harare ta. Ashe wannan ne karo na uku da nake ganewa, in ba da haƙuri, in kwana in manta, in sake zaginta. Matar yayanki ba ta cancanci wannan ba. Gidan ubanta ba haka aka yi mata ba.

An ce na aika gaisuwa ga maigidanki. Allah ya jiƙansa. Ki yafe min wannan ma.

Kada ki bar aikinki saboda ni, ban yarda ba. Abin da nake so, ki ci gaba da aiko min da tambaya. Ko kin san amsar ki tambaya. In ina ba ki amsa nakan ji ni ne. Ban san ko wata nawa ya rage min ina gane hannunki a takarda ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ina jin tsoro.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu jin ƙanki.
Mahaifinki.

Ranar Juma'a

Zuwa ga Anti,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na raba ɗakin da labule, na samo katifa. Maƙwabciyata mai ɗinki ta ce za ta fito da kekenta bakin ƙofata daga safe har in dawo, mai gadin gidanmu kuma na yi masa bayani. Na gaya wa Yaya a waya, ya yi shiru, na ce shirun ya isa, ya kawo min Baba ranar Lahadi. Wata uku a wurina, wata uku a wurinki, mu ga inda ƙarfinmu zai kai.

Ki haɗo maganinsa da tabaraunsa. Barandata ba za ta ɗauki fiye da tukunya uku ba. Kada ki zaɓa masa, kada Yaya ya yi masa gaggawa. Ki bar shi ya zaɓa da kansa, ko da zai kai la'asar.

Ranar Litinin kuma, in kin dawo daga makaranta, ki rufe ƙofa ki kwanta.

Sai kun iso.
Ƙanwarki, Auta.